Hana Tashin Hankali Tsakanin Matasan Birane: Abin da Bincike Ya Tabbatar

Idan kai magajin gari ne, ko mai unguwa, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin wata ƙungiya mai kula da matasa, to babu shakka an taɓa kawo maka kukan faɗan samari a unguwa: an sari wani da adda a wurin biki, an ƙwace wa wata yarinya salula da dare, ko kuma ƙungiyoyi biyu sun yi arangama a bakin tasha. A irin wannan lokaci kowa yana da shawara. Wani zai ce a kama su duka a kai gidan kaso, wani zai ce a ba su jari, wani kuma zai ce a tara su a yi musu wa'azi. Kuɗin da ke hannun hukuma kaɗan ne, kuma shawarar da aka bi bisa kuskure tana iya jawo asarar rai.

Tun daga shekarun 1930 masana suke gwada hanyoyi daban-daban na rage wannan matsala, suna auna sakamakon kowace. Wannan shafi ya tattaro maka muhimman abubuwan da aka gano, da wuraren da aka yi gwajin, da kuma yadda za ka yi amfani da su a garinku.

Girman matsalar

A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta fitar a shekarar 2015, an ƙiyasta cewa ana kashe matasa kimanin 200,000 masu shekara 10 zuwa 29 a kowace shekara a duniya. Wannan adadi ya kai kashi 43 cikin 100 na dukkan kisan kai da ake yi. Kashi 83 cikin 100 na matasan da ake kashewa maza ne, kuma mafi yawan masu kisan su ma maza ne. Bayan kowane mutum ɗaya da ya mutu akwai wasu da yawa da suka ji raunin da sai an kai su asibiti. Ƴan mata ba su cika mutuwa a faɗan titi ba, amma su ne suka fi fuskantar fyaɗe da tsangwama a hanya da cikin gida, kuma yawancin abin da ake yi musu ba ya zuwa kunnen hukuma.

Lamarin ya shafi Nijar ƙwarai, domin kusan rabin al'ummar ƙasar ba su kai shekara 15 ba, kuma biranen Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa suna ƙara cika da matasan da suka baro karkara. Sai dai ka riƙe wannan tun daga farko: yawan matasa shi kaɗai ba ya kawo tashin hankali. Mafi yawan samarin da suka tashi cikin talauci ba su taɓa ɗaga makami a kan kowa ba.

Yaya ake gane shirin da ya yi amfani?

Sau da yawa za ka ji an ce: "Mun koya wa matasa 100 sana'a, kuma faɗa ya ragu a unguwar." Wannan magana ba ta isa hujja ba. Wataƙila faɗan ya ragu ne domin damina ta faɗi samari sun koma gona. Wataƙila waɗanda suka zo koyon sana'ar su ne masu natsuwa tun asali, masu faɗan kuwa ba su ko leƙo ba. Haka kuma, galibi ana fara shiri ne a lokacin da rikici ya kai ƙololuwa, kuma abin da ya kai ƙololuwa yakan sauka da kansa.

Domin kauce wa wannan ruɗu, masu bincike suna amfani da ƙuri'a. Ana tara matasan da halinsu ya yi kama, a jefa ƙuri'a a raba su gida biyu. Gida ɗaya ya shiga shirin, ɗayan ya ci gaba da rayuwarsa yadda ya saba. Bayan shekara ɗaya, ko biyar, ko goma, sai a duba duka gidajen biyu. Tun da ƙuri'a ce ta raba su, duk bambancin da aka gani ana iya danganta shi da shirin. Haka manomi yake yi idan yana son gwada sabon iri: ya shuka shi a rabin gona, ya bar tsohon iri a ɗaya rabin, ƙasa ɗaya, ruwa ɗaya, sannan ya ƙirga damman da kowane ɓangare ya ba shi.

Yawancin binciken da za ka karanta a ƙasa an yi su ne ta wannan hanya. Inda aka yi amfani da kwatanta birni da birni ko unguwa da unguwa kawai, an faɗa maka, domin hujjar irin wannan ba ta kai ta ƙuri'a ƙarfi ba.

Mutane kaɗan, wurare kaɗan, lokuta kaɗan

Abu na farko da bincike ya nuna a kusan kowane birni shi ne tashin hankali yana taruwa ne a wuri ɗaya. A birnin Miniyapolis na Amurka, wani nazari da aka buga a 1989 ya gano cewa rabin kiran da ake yi wa ƴan sanda yana fitowa ne daga kashi 3 cikin 100 na gidaje da wuraren birnin. A birnin Boston, a tsakiyar shekarun 1990, an gano cewa ƴan ƙungiyoyin daba ba su wuce kashi 1 cikin 100 na matasan birnin ba, amma suna da hannu a kimanin kashi 60 cikin 100 na kisan matasa.

Haka abin yake ta fuskar lokaci. A 1992 wani likita masanin yaɗuwar cututtuka, Rodrigo Guerrero, ya zama magajin garin Kali a ƙasar Kolambiya. Ya sa aka riƙa rubuta kowane kisa da ranarsa da sa'arsa da wurinsa, kamar yadda ake bin sawun annoba. Kafin nan mutane suna ɗora laifin kisan duka a kan dillalan hodar iblis. Ƙididdigar ta nuna cewa yawancinsa yana faruwa ne a ƙarshen mako da ranakun biyan albashi da bukukuwa, da dare, kuma sau da yawa da giya a ciki.

Ma'anar wannan gare ka ita ce: kada ka ɗauki unguwa sukutum a matsayin unguwar ɓarayi, kada kuma ka raba ɗan kuɗin da ke hannunka ga dukkan matasan gari daidai wa daida. Nemi sanin su wane ne ƴan ƙalilan ɗin da suka fi shiga haɗari, a wace kusurwa, a wane lokaci.

Darasin Monrobiya

Gwajin da ya fi kusa da yanayin biranenmu an yi shi ne a Monrobiya, babban birnin Laberiya, ƙasar da ta yi fama da yaƙin basasa tsakanin 1989 da 2003. Wata ƙungiyar ƴan ƙasar mai suna NEPI, wadda wasu daga cikin ma'aikatanta tsofaffin mayaƙa ne, ta ƙirƙiro shirin gyaran hali da ake kira STYL. Daga 2009 masu bincike uku, Christopher Blattman da Julian Jamison da Margaret Sheridan, suka haɗa kai da ita domin auna shi.

Sun shiga lungunan da ake sayar da ƙwaya da kasuwanni da tashoshi, suka nemo maza 999 masu shekara 18 zuwa 35. Da gangan suka zaɓi waɗanda kowa yake gudu: masu yankan aljihu, masu sayar da ƙwaya, masu kwana a titi, da waɗanda suka saba da faɗa. Aka raba su gida huɗu ta hanyar ƙuri'a. Gida na farko ya samu horon gyaran hali na mako 8. Gida na biyu ya samu kyautar dalar Amurka 200, wato kusan jika ɗari na sefa a lokacin, ba tare da wani sharaɗi ba. Gida na uku ya samu horon, bayansa kuma aka ba shi kuɗin. Gida na huɗu bai samu ko ɗaya ba.

Horon ya ginu ne a kan abin da masana halayyar ɗan Adam suka daɗe da sani: yawancin faɗa yana faruwa ne cikin ƙiftawar ido, kafin mutum ya yi tunani, kuma ana iya koya wa mutum ya dakata. Samarin suna haɗuwa kimanin 20 a rukuni, sau uku a mako, na ƴan sa'o'i. Suna koyon gane alamun fushi a jikinsu, da yadda za su ja numfashi ko su bar wurin kafin hannu ya kai ga wuƙa. Suna kwaikwayon rigima a tsakaninsu, su gwada warware ta da baki. Suna koyon kasa babban buri zuwa ƙananan matakai, da tanadin kuɗin gobe. Akwai kuma aikin da ake ba su su yi a waje: a yi aski, a sa tufafi masu tsabta, a shiga banki ko babban kanti a yi hulɗa kamar kowa, a koma a gaida dangin da aka daɗe da rabuwa da su. Masu koyarwar ba likitoci ba ne. Yawancinsu mutane ne da suka taɓa yin irin wannan rayuwa suka fita, shi ya sa samarin suke sauraronsu.

Ga abin da aka samu. A makonnin farko, duk waɗanda suka yi horon sun rage sata da faɗa da sayar da ƙwaya. Bayan shekara ɗaya, tasirin horon shi kaɗai ya yi rauni, amma waɗanda suka samu horo da kuɗi tare sun ci gaba da kasancewa da ƙarancin laifi ƙwarai. Kuɗin shi kaɗai bai kawo canjin hali mai ɗorewa ba. Mutane sun yi zaton za a ƙarar da shi a kan ƙwaya da giya, amma kaɗan ne ya tafi can. Yawancinsa ya tafi ga ƙaramar sana'a da abinci da wurin kwana, sai dai cikin shekara ɗaya sana'o'in sun rushe, wasu saboda sata da aka yi wa masu su.

Bayan shekara 10 masu binciken suka sake nemo mutanen. Waɗanda suka samu horo da kuɗi tare suna aikata sata da fashi kimanin rabin abin da gida na huɗu yake aikatawa, kuma waɗanda suka yi horo kaɗai su ma an ga sauran tasiri a jikinsu. Dukkan shirin, horo da kuɗi da gudanarwa, ya ci kimanin dala 530 a kan mutum ɗaya. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne kuɗin ya ba samarin ƴan watanni na sararawa, waɗanda a cikinsu ba su buƙaci yin sata don cin abinci ba, har sabon halin ya samu zama.

An ga kwatankwacin wannan a birnin Shikago na Amurka, a wani shiri na ƴan makarantar sakandare da ake kira BAM. A darasi na farko ana haɗa yara biyu-biyu, a damƙa wa ɗaya ƙaramar ƙwallo a tafin hannu, a ce wa ɗayan ya karɓo ta cikin daƙiƙa 30. Kusan dukkansu kokawa suke yi. Daga baya malamin yakan tambaya: me ya hana ka roƙe shi ya ba ka? A gwaji biyu da aka yi tsakanin 2009 da 2015, kama yaran da ake yi bisa laifin tashin hankali ya ragu da kashi 45 zuwa 50 cikin 100 a lokacin da suke cikin shirin. Amma a gwajin farko ragin bai ɗore ba bayan an gama, kuma da aka faɗaɗa shirin zuwa makarantu masu yawa sakamakon ya ragu. Ingancin mai koyarwa da ci gaba da bibiya suna da nauyi.

Aikin yi ya isa?

Kusan kowa ya yarda cewa zaman banza ne uwar matsalar. Akwai gaskiya a ciki, amma bincike ya nuna cewa alaƙar ba ta miƙe haka ba. Shirye-shiryen koyar da sana'a da yawa sun ƙara wa matasa abin hannu ba tare da an ga faɗa ya ragu ba, musamman idan waɗanda suka shiga ba su ne masu faɗan ba.

Wanda ya yi tasiri shi ne aikin da aka haɗa da kulawar babba. A 2012, a Shikago, an jefa ƙuri'a tsakanin ɗalibai 1,634 na unguwanni masu fama da rikici. Wasu suka samu aikin hutu na mako 8 da ɗan albashi, tare da wani babba da ke bibiyar kowane ƙaramin rukuni. Cikin watanni 16 da suka biyo baya, kama su bisa laifin tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin 100. Yawancin ragin ya zo ne bayan aikin ya ƙare, abin da ke nuna cewa sun koyi wani abu game da zama da mutane wanda ya bi su gida.

A ɓangaren ƴan mata, ƙungiyar BRAC ta buɗe kulob-kulob a Yuganda daga 2008, inda wata budurwa da ta ɗan girme su take koya musu ƙaramar sana'a da sanin lafiyar jiki da yadda za su kare kansu. Bayan shekara huɗu, adadin waɗanda suka ce an tilasta musu kwanciya ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku a unguwannin da aka buɗe kulob.

Icce tun yana ɗanye

Hujja mafi daɗewa ita ce ta ƙuruciya. Yaron da ya tashi cikin duka da zagi da sakaci, ko yana ganin ana dukan mahaifiyarsa, ya fi shiga haɗarin zama mai duka ko wanda ake duka idan ya girma.

A birnin Kingiston na Jamaika, a 1986 da 1987, an ɗauki yara 129 masu watanni 9 zuwa 24 waɗanda tamowa ta tsumburar da su. Wasu daga cikinsu, ma'aikaciyar lafiya takan ziyarci gidansu sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Da suka kai shekara 22, waɗannan yara ba su kai sauran shiga faɗa mai tsanani ba, kuma abin da suke samu ya fi na sauran da kashi 25 cikin 100. A garin Ipsilanti na Amurka, an bi sawun yara 123 ƴaƴan talakawa da wasunsu suka shiga makarantar share fage mai inganci a shekarun 1960. Da suka kai shekara 40, kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka shiga an taɓa kama su sau biyar ko fiye, a ɗaya gidan kuwa kashi 55.

Makaranta ma wuri ce da yaro yake koyon cewa ƙarfi shi ne hukunci. A gundumar Luwero ta Yuganda, ƙungiyar Raising Voices ta gwada wani tsari a makarantun firamare 42 tsakanin 2012 da 2014, inda aka koya wa malamai hanyoyin ladabtarwa da ba na bulala ba, aka kuma kafa kwamitocin ɗalibai da iyaye. A ƙarshe, kashi 31 cikin 100 na ɗaliban makarantun da aka yi shirin suka ce wani malami ya doke su a makon da ya wuce, a sauran makarantun kuwa kashi 49.

Gyara wuri, gyara lokaci

Wasu matakan ba su buƙatar a canza halin kowa. A birnin Filadelfiya an share kangwaye da filayen da suka zama juji, aka shuka ciyawa da itatuwa, aka kewaye su da gajeren shinge. Gwajin ƙuri'a da aka buga a 2018 ya nuna cewa harbe-harbe sun ragu da kashi 29 cikin 100 a kewayen filayen da ke unguwannin talakawa. A birnin Niyok, a 2016, ƙarin fitilu masu haske a rukunonin gidajen gwamnati ya rage manyan laifukan da ake yi a waje da dare da fiye da kashi ɗaya cikin uku.

A Kali da Bogota an hana yawo da bindiga a ƙarshen makon biyan albashi da ranakun buki da na zaɓe, kuma kisa ya yi ƙasa da kashi 13 zuwa 14 cikin 100 a ranakun da dokar take aiki. A garin Diyadema na Birazil, dokar 2002 da ta rufe mashaya da ƙarfe 11 na dare ta rage kisa da kusan mutum 9 a wata. A Medelin, bayan da aka haɗa unguwannin kan tudu da tsakiyar birni da jirgin igiya a 2004, aka kuma gina gadoji da fitilu da ɗakunan karatu, kisa ya sauka a waɗannan unguwanni fiye da makamantansu da kashi 66 cikin 100. Waɗannan uku na ƙarshe an auna su ne ta hanyar kwatantawa, babu ƙuri'a.

Akwai kuma darasin birnin Kadif na Birtaniya. Wani likitan tiyatar fuska, Jonathan Shepherd, ya lura cewa yawancin waɗanda yake ɗinkewa bayan faɗa ba su taɓa kai ƙara ba, don haka ƴan sanda ba su san inda abin yake faruwa ba. Sai asibiti ta fara tambayar kowane mai rauni wuri da lokaci da irin makamin, ta cire sunansa, ta miƙa bayanin ga kwamitin da ya haɗa ƴan sanda da ma'aikatar magajin gari. Idan aka kwatanta da birane 14 makamantansa, kwantar da mutane a asibiti saboda faɗa ya ragu da kashi 42 cikin 100. Wannan hanya ba ta buƙatar fiye da littafin rajista da taron wata-wata.

Abubuwan da suka ƙara ɓata lamarin

Kyakkyawar niyya ba ta hana shiri yin ɓarna. A shekarun 1970 an fara wani tsari a Amurka na kai yara masu ƙiriniya gidan kaso, domin fursunoni su tsorata su. Iyaye da jami'ai sun yaba masa. Da aka haɗa sakamakon gwaji 9 na ƙuri'a, sai aka ga yaran da aka kai sun fi waɗanda ba a kai ba aikata laifi daga baya.

Tun kafin nan, a garuruwan Kambirij da Samabil na Amurka, an fara wani shiri a 1939 da yara maza 506. Rabinsu sun samu mai ba da shawara da taimakon karatu da zuwa sansanin hutu har kimanin shekara biyar. Bayan shekara 30, Joan McCord ta bi sawunsu. Kashi biyu cikin uku na waɗanda suka amsa tambayoyinta sun ce shirin ya taimake su. Takardun kotu da na asibiti kuwa sun nuna cewa sun fi ɗaya rabin sake aikata laifi da shan giya da mutuwa da wuri, kuma waɗanda aka fi kai wa sansani tare da sauran yara masu matsala su ne suka fi lalacewa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Idan za ka tara yara masu ƙiriniya wuri ɗaya, sai da tsari mai ƙarfi da babba mai lura a kowane lokaci.

Saboda wannan dalili ne kamen kan mai uwa da wabi yake da haɗari. Yaron da aka kama a samame aka haɗa shi ɗaki ɗaya da manyan masu laifi yakan fito da sababbin abokai da sabon ƙulli a zuci. Aikin jami'an tsaro yana amfani idan ya nufi ƴan ƙalilan ɗin da aka sani. A Boston, daga 1996, an riƙa kiran ƴan ƙungiyoyin daba gaba da gaba, a gaban ƴan sanda da malaman addini da iyaye, a faɗa musu cewa duk ƙungiyar da ta sake kisa hukunci zai hau kanta, wanda kuma yake son fita ga taimako. Kisan matasa ya sauka da kashi 63 cikin 100. Wani ɓangare na wannan ragi ya zo daidai da saukar kisa a duk ƙasar, amma gwajin da aka yi a wasu birane ya nuna cewa hanyar tana da tasiri, ko da bai kai haka ba.

Fada da "palais"

A Nijar matasa sun daɗe da tsara kansu. Akwai samariya ta gargajiya, wadda gwamnatin Seyni Kountché ta raya tsakanin 1974 da 1987. Daga shekarun 1990 fada ta bazu a birane: samari su zauna a ƙofar gida da dare, su dafa shayi, su yi beloti da hira. Fada da yawa suna yin gayyar share unguwa, suna taimaka wa juna a biki da rashin lafiya, kuma zamansu a titi yana hana ɓarawo sakewa.

A Damagaram, daga shekarun 2000, wasu ƙungiyoyi da ake kira "palais" suka yi suna wajen faɗan unguwa da unguwa da wuƙa da adda, da shan taramol da sauran ƙwayoyi. Sunan birnin ya ƙara fitowa bayan tarzomar 16 ga Janairu 2015, wadda ta kai Yamai washegari, aka ƙona coci-coci, mutum 10 suka rasu a biranen biyu. Fim ɗin Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, ya nuna rayuwar samarin unguwar Kara-Kara, ciki har da waɗanda suka bar faɗa suka koma neman na kansu.

Abin da bincike yake koya maka a nan shi ne ka bambanta. Rushe fada gaba ɗaya zai raba ka da mutanen da suka fi kowa sanin abin da ke faruwa da dare. Tsofaffin shugabannin ƙungiyoyi da suka natsu su ne kwatankwacin masu koyarwar Monrobiya. Ka tuna kuma cewa yawancin gwajin da aka ambata an yi su ne inda bindiga da giya suka yi yawa. A garinku makamin yana iya zama wuƙa, abin shan kuma ƙwaya, don haka a ɗauki dabarar a daidaita ta da wurin.

Matakan da za ka iya ɗauka

1. Fara da ƙirga. Ka roƙi asibiti da ɗakunan shan magani su riƙa rubuta wuri, rana, sa'a da makamin kowane raunin faɗa, ba tare da suna ba. Ka haɗa da abin da komisariya da masu unguwa suka sani.

2. Kafa ƙaramin kwamiti da zai duba wannan bayani kowane wata: ma'aikatar magajin gari, jami'an lafiya, ƴan sanda ko jandarma, sarakunan gargajiya, malaman addini, mata, da wakilan fada.

3. Gyara wuraren da suka fi fitowa a rajistar: fitila mai aiki da hasken rana a lungu mai duhu, share kango, tsara lokacin tashi daga wuraren biki, sa ido a kan masu tallar ƙwaya.

4. Nemi matasan da suka fi shiga haɗari ka je inda suke. Sanarwa a rediyo takan kawo masu natsuwa ne kawai.

5. Idan za ka ba da jari, ka fara da horon gyaran hali, kuma ka ci gaba da bibiya bayan an gama.

6. Shigar da tarbiyyar yara cikin ayyukan da ake yi tuni, kamar awon ciki da cibiyoyin kula da tamowa da tarukan iyayen ɗalibai.

7. Tanadi hanyar da yarinya za ta kai kuka a asirce ga mace mai amana, kuma a kai ta asibiti da wuri.

8. Yaron da ya yi laifi a gabatar da shi ga alƙalin yara, a raba shi da manya a wurin tsarewa.

9. Auna aikinka. Idan masu neman shiga sun fi guraben da kake da su, ka jefa ƙuri'a a bainar jama'a. Hakan ya fi adalci, yana kawar da zargin son kai, kuma zai ba ka damar kwatanta gida biyu bayan shekara.

Wasu daga cikin waɗannan matakai, kamar fitila da rajistar asibiti, ana iya ganin amfaninsu cikin watanni. Na ƙuruciya kuwa sai bayan shekara 15 ko 20, lokacin da wataƙila wani ne yake kan kujerarka. Tsari mai kyau yana ɗauke da iri biyun a cikin kasafin kuɗi ɗaya, kuma yana ajiye ƙididdigarsa a rubuce domin wanda zai gaje ka ya san inda aka tsaya.